Gurbin Zaɓe Ko Ɗan Wasa a Hannu? Amsoshin Tambayoyinku Kan Cinikin 'Yan Ƙwallon Kwando

Wasiƙun wannan watan kusan duk kan abu ɗaya suka taru, wato yadda ƙungiyoyin gasar NBA ta Amurka ke musayar 'yan wasa da guraben zaɓe. Mun tsamo guda shida, mun gajarta wasu don wuri ya isa.

Tambaya daga wani mai gidan kallo a Ɗambatta: Assalamu alaikum. Tun da na sa sola, samari suka fara kwana a wurina suna kallon ƙwallon kwando. Abin da ya ɗaure mana kai shi ne ba ma jin an ce an sayi ɗan wasa kan miliyan kaza kamar yadda ake yi a ƙwallon ƙafar Turai. Sai dai a ce an ba da shi an karɓi gurabe uku. Mene ne gurbin nan, kuma me ya ba shi daraja haka?

Wa alaikumus salam, Malam. A NBA ƙungiya ba ta biyan wata ƙungiya kuɗin sayen ɗan wasa irin na Turai. Musaya ake yi, ɗan wasa da ɗan wasa, ko ɗan wasa da gurbi, a ɗan ɗora kuɗi kaɗan da doka ta iyakance. Gurbin kuwa shi ne layin ƙungiya a zaɓen sabbin 'yan wasa da ake yi a ƙarshen watan Yuni na kowace shekara. Ƙungiyoyi 30 ne, zagaye 2, kowace tana da gurbi ɗaya a kowane zagaye. Wadda ta fi faɗuwa a kakar da ta wuce ita ke gaba, zakara kuma yana can ƙasa. Saurayin da ya kai shekara 19 a shekarar zaɓen, in ya cika sauran sharuɗɗa, ba shi ne zai zaɓi inda zai je ba. Wadda ta kira sunansa ita kaɗai ke da ikon ƙulla kwantiragi da shi a gasar.

Ƙungiyoyi 14 da ba su kai wasannin neman kofi ba ana yi musu ƙuri'a. A tsarin da aka fara a 2019, ana zuba ƙananan ƙwallaye 14 masu lamba a na'ura, a zaro 4. Haɗin lambobin da zai iya fita 1,001 ne, an raba 1,000 ga ƙungiyoyin. Ukun da suka fi faɗuwa kowace tana da kashi 14 cikin ɗari na samun gurbi na ɗaya. Gurabe huɗun farko kaɗai ake ƙuri'arsu, saura a jera bisa yawan faɗuwa.

Darajar gurbi kuwa daga albashi take fitowa, kuma nan ne mafi yawan masu kallo ba sa dubawa. Gasar tana da iyakar albashin da ƙungiya za ta biya duka 'yan wasanta, ko da yake akan iya haura ta bisa wasu sharuɗɗa. A kakar 2024-25 iyakar ta ɗan haura dala miliyan 140. Babban tauraro mai shekara 10 a gasar yana iya cin kashi 35 cikin ɗari na wannan iyaka shi kaɗai, wato kusan miliyan 49. Shi kuwa wanda aka ɗauka a zagayen farko, albashinsa a rubuce yake tun kafin a kira sunansa, gwargwadon lambar gurbinsa. Shekara biyun farko tabbas ne, ta uku da ta huɗu ƙungiya ce ke da zaɓin ci gaba ko sallama. Victor Wembanyama ɗan Faransa, wanda San Antonio ta ɗauka na ɗaya a 2023, ya karɓi kusan miliyan 12 a shekararsa ta farko, bai kai kashi 9 cikin ɗari na iyakar wannan kaka ba. Na 30 kuwa wajen miliyan biyu da rabi yake samu. Bayan shekara huɗun nan ma ƙungiyar tana da ikon daidaita duk tayin da wata ta yi masa ta riƙe abinta. Ka ga ke nan in gurbi ya haifi gwani, ƙungiya ta samu aikin mai miliyan 40 a kan miliyan 10 ko ƙasa da haka, rarar kuma ta ɗauko wani gwanin da ita. Wannan rarar ake ciniki a kai.

Tambaya daga wani dattijo ɗan kasuwa a Maigatari: Ni dai a sanina ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. In ƙungiya ta samu gwanin da kowa ya san shi, ai ba ta yi asara ba don ta ba da gurbin yaron da ba a ma san ko wane ne ba. Ko akwai abin da ban gane ba?

Alhaji, maganarka tana kan hanya a wasu lokuta, kuma akwai kofuna da suka tabbatar da ita. Lakers ta ba New Orleans 'yan wasa matasa da gurabe uku na zagayen farko a 2019 ta karɓi Anthony Davis, ta ci kofi a 2020. Milwaukee ta zuba gurabe a kan Jrue Holiday a 2020, ta ci kofi a 2021. Amma duba abin da suka haɗa: kowace tana da babban gwarzonta a gida tun kafin cinikin, LeBron James a can, Giannis Antetokounmpo a nan, abin da ya rage cikon ɗaya ne. Wanda aka sayo kuma yana tsakiyar ƙarfinsa.

Cinikin da ya fi koyar da wannan darasi, a ganinmu, shi ne na Masai Ujiri, wanda ya tashi a Zariya, lokacin yana jagorantar Toronto. A kakar 2017-18 ƙungiyarsa ta ci wasa 59 cikin 82, sai Cleveland ta fitar da ita ba tare da ta ci ko wasa ɗaya a karawarsu ba. Ya gane cewa wannan tawaga ta kai iyakarta. A bazarar 2018 ya ba San Antonio DeMar DeRozan da Jakob Poeltl da gurbin 2019, ya karɓi Kawhi Leonard da Danny Green. Haɗarin ba ƙarami ba ne, domin Leonard wasa 9 kacal ya buga a kakar da ta gabata saboda rauni, kuma shekara ɗaya ta rage a kwantiraginsa. Toronto ta ci kofi a 2019, Leonard ya tafi a watan Yulin shekarar. To me aka biya a ɓangaren gurbi? Guda ɗaya tak, na shekarar da ake sa ran ƙungiyar tana kan ganiyarta, aka kuma sa masa sharaɗin cewa in ya faɗo cikin 20 na farko Toronto ce za ta riƙe. Ya fito na 29. Ko da Leonard ya karye a wasan farko, makomar ƙungiyar ba ta tafi da shi ba.

Yanzu ga ɗaya fuskar. A 2013 Brooklyn ta karɓi Kevin Garnett mai shekara 37 da Paul Pierce mai shekara 35 da Jason Terry daga Boston. Ta ba da gurabenta na 2014, 2016 da 2018, da haƙƙin musanya gurbin 2017, duk babu wani sharaɗin kariya. Lissafinsu shi ne za su daɗe suna cin wasa, gurabensu za su riƙa fitowa can wajen 25, inda ba a cika samun tauraro ba. Kakar farko sun ci wasa 44, Miami ta fitar da su a zagaye na biyu. Pierce ya tafi bayan shekara ɗaya, Garnett ya bar su a Fabrairun 2015. A kakar 2015-16 wasa 21 suka ci, ta gaba 20. Ladan wannan faɗuwa duk Boston ta kwashe: gurbin 2016 ya fito na 3 ta ɗauki Jaylen Brown, na 2017 ya fito na 1, daga cikinsa ta samu Jayson Tatum. Su biyun ne ginshiƙin kofin da Boston ta ci a 2024.

Kuskuren Brooklyn a lissafin lokaci yake. Ƙarfin waɗanda ta saya bai wuce shekara biyu ba, bashin da ta ɗauka kuwa na shekara biyar ne. Saboda haka kafin ƙungiya ta ba da gurbi, a duba shekarar da za a biya shi, a tambaya: shekarun taurarinmu nawa a wannan lokacin, kuma wa ke da kwantiragi har zuwa sannan? In amsar ita ce manyan duk sun haura 33 ko kwantiraginsu ya ƙare, to a ɗauka wannan gurbi zai iya faɗowa cikin goman farko, a yi masa farashi a haka. Akwai kuma illa ta biyu da ta fi ciwo. Ƙungiyar da ta faɗi tana riƙe da gurbinta, faɗuwar ta zame mata hanyar tashi. Wadda ta faɗi gurbinta yana hannun wani, ta sha kayen a banza, magoya bayanta suna kallo wata ƙungiya tana ɗaukar yaron da ya kamata ya zama nasu.

Tambaya daga wani ɗalibi a Gumel: Muna gardama da abokaina. Na ce ƙungiyar da ta karɓi gurabe biyar ta fi wadda ta karɓi biyu riba. Suka ce ba lallai ba ne. Kuma mene ne gurbi mai kariya da haƙƙin musanya da ake ta faɗa?

Abokanka sun fi ka gaskiya a nan, ɗan'uwa. Ƙidaya ita ce abu na ƙarshe da mai ciniki ke dubawa. Yakan fara da tambayar gurbin wa ne, sai ta wace shekara, sai wane sharaɗi ke kansa. Gurabe biyar daga ƙungiyar da taurarinta ke da shekara 24 kuma sun sa hannu na dogon zango, mai yiwuwa duk su fito tsakanin 24 da 30. Gurbi ɗaya marar kariya, na shekara biyar masu zuwa, daga ƙungiyar da ta tsufa kuma ta cika albashinta maƙil, zai iya fin biyar ɗin nan a haɗe.

Kariya sharaɗi ne da mai bayarwa ke sawa. In aka ce gurbi yana da kariya zuwa na 5, ma'ana in ya faɗo daga na 1 zuwa na 5 mai shi ne zai riƙe, bashin ya koma shekara ta gaba. Lakers ta ba da irin wannan gurbi a cinikin Steve Nash na 2012, ya ratsa Phoenix ya isa hannun Philadelphia. A 2015 kariyar ta rufe biyar na farko, a 2016 da 2017 ta rufe ukun farko. Shekaru ukun nan a jere gurbin Lakers ya fito na 2, suka riƙe abinsu suka ɗauki D'Angelo Russell, Brandon Ingram da Lonzo Ball. Sai 2018 da kariyar ta ƙare aka biya bashin da gurbi na 10. Mai bin bashin ya jira shekara shida daga ranar cinikin, ya kuma rasa na 2 sau uku. Kishiyar wannan ita ce Clippers a 2011, da ta haɗa gurbinta ba kariya ta ba Cleveland don ta rabu da albashin Baron Davis. Damar gurbin ta zama na ɗaya kashi 2.8 ce kawai cikin ɗari, amma ƙuri'a ta faɗa kansa, Cleveland ta ɗauki Kyrie Irving. Layi ɗaya a takardar cinikin da ya hana wannan.

Wanda zai karɓi gurbi mai kariya ya karanta har ƙarshen sharaɗin. Wasu kariyarsu tana raguwa shekara bayan shekara har ta ɓace, waɗannan suna da daraja. Wasu kuwa an rubuta cewa in ba a biya ba zuwa shekara kaza, bashin ya rikiɗe ya zama gurabe na zagaye na biyu. Irin wannan, daga ƙungiya mai rauni, sunansa kawai na zagayen farko.

Haƙƙin musanya kuma shi ne a ba ka ikon duba gurbinka da nasu a shekara kaza ka ɗauki wanda ya fi kyau, ka bar musu ɗayan. In kai ka fito na 27 su na 1, kamar yadda ta faru tsakanin Boston da Brooklyn a 2017, ka tsinci dami a kala. In kai ne ka fi su faɗuwa, haƙƙin ya tashi a banza. Don haka darajarsa tana ga tazarar da ake hasashe tsakanin ƙungiyoyin biyu, kuma ƙungiya mai ƙarfi ce ta fi amfana da shi.

Dalilin da ya sa ake yawan ganin haƙƙin musanya doka ce da ake kira da sunan Ted Stepien, wanda ya mallaki Cleveland daga 1980 zuwa 1983 ya yi ta rabar da gurabenta, har Dallas ta ɗauki Derek Harper, Sam Perkins, Detlef Schrempf da Roy Tarpley da su. Dokar ta hana ƙungiya ta zauna ba gurbin zagayen farko a shekaru biyu masu zuwa a jere, kuma ba a cinikin gurbin da ya wuce shekara bakwai a gaba. Shi ya sa da Phoenix ta ɗauko Kevin Durant a Fabrairun 2023 ta ba da na 2023, 2025, 2027 da 2029, tana tsallake shekara ɗaya-ɗaya, ta cike giɓin 2028 da haƙƙin musanya. Ga wani tarko a nan da ƙungiyoyi ke faɗawa: gurbi mai kariya da ke ta gangarawa daga shekara zuwa shekara yana ɗaure na bayansa, tunda ba a san shekarar da za a biya shi ba. Ƙungiya ta ba da ɗaya, amma ta wayi gari uku ko huɗu ba sa taɓuwa.

Tambaya daga wani matashi a Sumaila: Wannan ƙuri'a ba caca ba ce? Kuma in wanda ya fi faɗuwa ne ke gaba, me zai hana ƙungiya ta riƙa faɗuwa da gangan?

Hukunci na malamai ne, ka kai musu. Abin da za mu iya faɗa maka shi ne siffar abin: ƙungiyoyin ba sa zuba ko sisi don shiga ƙuri'ar, jera layi kawai ake yi da ita. Faɗuwar gangan kuwa ana yin ta, kuma tana ɓata wasa ga wanda ya hana idonsa barci don ya kalla. A 2023 hukumar gasar ta ci Dallas tarar dala 750,000 saboda ta zaunar da manyan 'yan wasanta a ƙarshen kaka, lokacin New York na bin ta gurbi mai kariya zuwa na 10. Sai dai ribar dabarar ta ragu. Kafin 2019 mafi faɗuwa tana da kashi 25, aka mai da shi 14, kuma damar ta gangaro zuwa na 5 ta kusa rabi. Detroit ce ta fi kowa faɗuwa a 2023 da 2024, duka biyun na 5 ta samu. Atlanta ta ci ƙuri'ar 2024 da kashi 3, Dallas ta ci ta 2025 da kashi 1.8.

Tambaya daga wata malama mai koyar da wasannin motsa jiki a makarantar 'yan mata a Birnin Kudu: Ɗalibaina duk wanda ya fi zuba maki shi ne gwani a wurinsu. Ta yaya masu ciniki ke auna ƙimar ɗan wasa, ta yadda zan iya koya musu a aji?

Malama, Allah ya saka miki da alheri da wannan aiki. Fara musu da lissafi ɗaya da za a iya yi a allo. Maki kaɗai ba sa faɗin jifa nawa aka kashe kafin a same su. A ɗauki jifan kyauta da ɗan wasa ya yi, waɗanda ake bayarwa bayan an yi masa ƙeta, a ninka da 0.44, a haɗa da sauran jifan da ya yi cikin wasa, a ninka jimillar biyu, sannan a raba makinsa da abin da ya fito. Misali, wata ta ci maki 25 da jifa 22 da jifan kyauta 5. Biyar sau 0.44 ya ba da 2.2, a haɗa da 22 ya zama 24.2, a ninka biyu 48.4, a raba 25 da shi ya ba da kusan kashi 52 cikin ɗari. Wata ta ci 18 da jifa 12 da jifan kyauta 4. Nata ya fito 27.52, a raba 18 da shi, kashi 65 ke nan. Matsakaicin NBA a 'yan shekarun nan yana kusa da 58. Ta farko ta fi maki amma tana cinye damar abokan wasanta a kan sakamakon da bai kai matsakaici ba. A yi adalci kuma, wadda ake miƙa wa ƙwallo in lokaci ya ƙure kuma mutum biyu sun rufe ta, dole nata ya ɗan sauka, don haka a duba irin jifan da aka ɗora mata.

Bayan wannan sai shekaru. Maki 11 daga ɗan shekara 20 da maki 11 daga ɗan shekara 28 ba abu ɗaya suke nufi ba. Shai Gilgeous-Alexander maki 10.8 yake ci a kowane wasa a shekararsa ta farko a Clippers. A 2019 ƙungiyar ta haɗa shi da Danilo Gallinari da gurabe biyar da haƙƙin musanya biyu ta ba Oklahoma City don ta samu Paul George mai shekara 29, wanda zuwansa ya sa Kawhi Leonard ya sa hannu. A lokacin hankalin jama'a yana kan guraben. Ɗaya daga cikinsu, na 12 a 2022, ya zama Jalen Williams, amma mafi tsada a cikin kayan shi ne Gilgeous-Alexander, yaron nan da aka ɗauka ciko. A 2025 shi ne gwarzon ɗan wasan shekara, Oklahoma City ta ci kofi, George kuwa ya bar Clippers tun 2024 da kwantiraginsa ya ƙare, ba su karɓi komai ba. Matashin da ya riga ya nuna zai iya wasa a gasar, kuma saura shekara uku a albashinsa mai araha, ya fi gurbin da ba a san me zai haifa ba, domin rabin shakkar ta kau.

Na uku kwantiragi. Tambayar mai ciniki ba ta tsaya ga ko ɗan wasan gwani ne ba, sai ya ɗora da nawa ake biyansa, shekara nawa suka rage. Gwani na 25 a gasar da ke karɓar albashin na 5 nauyi ne a kan ƙungiya, har akan haɗa shi da gurbi kafin wata ta yarda ta ɗauke shi. Mai matsakaicin ƙwarewa da ke karɓar rabin abin da ya cancanta na shekara uku kuwa, kowa na nemansa. Na huɗu lafiya, a ƙidaya wasannin da ya buga cikin 82 a kaka uku da suka wuce, a bambanta raunin tsautsayi kamar karayar yatsa da wanda ke dawowa a gwiwa ko ƙafa ko baya. Na biyar dacewa. Ɗan wasan da ke tsare duk wanda aka ba shi kuma yana zura jifan maki uku ba tare da ya riƙe ƙwallo ba, zai shiga kowace tawaga. Wanda sai ƙwallo na hannunsa yake da amfani, in an kai shi inda akwai irinsa, ɗayansu zai ragu. Wannan ne ya sa New York ta ba da gurabe biyar kan Mikal Bridges a 2024 ko da yake ba ya cikin manyan masu zuba maki, farashin da mu muke ganin ya yi yawa.

Tambaya daga wani manomin rani a Kura: Na ji Nikola Jokić na 41 aka ɗauke shi, Giannis na 15. To ai ba amfanin wahalar neman gurbi na sama. Me zai hana mai na ɗaya ya sayar ya tara na ƙasa da yawa?

Malam, sunayen da suka yi fice ake tunawa, sauran da aka ɗauka a waɗannan lambobi ba a ma san inda suke ba. Gaskiya ne Jokić ɗan Sabiya na 41 ne a 2014, ya zama gwarzon shekara a 2021, 2022 da 2024. Manu Ginóbili na 57 ne a 1999, Draymond Green na 35 a 2012, Pascal Siakam ɗan Kamaru na 27 a 2016. Amma ita kanta Denver sai da ta samu Jusuf Nurkić na 16 da Gary Harris na 19 a daren kafin ta waiwayi Jokić. Da ta san abin da zai zama da ba ta bar shi ya kai 41 ba. Mafi yawan 'yan zagaye na biyu ba sa daɗewa a gasar, shi ya sa ake sayar da gurabensu da tsabar kuɗi. Golden State ta sayi na 38 daga Chicago a 2017 kan dala miliyan 3.5. Na ɗaya ma yakan ƙi, kamar Michael Olowokandi haifaffen Legas a 1998 da Anthony Bennett a 2013, amma daga wannan gurbi ne Houston ta samu Hakeem Olajuwon a 1984 ya kawo mata kofi a 1994 da 1995. Damar samun tauraro tana da yawa a biyar na farko, tana faɗuwa da sauri zuwa wajen na 10, daga 20 zuwa 40 kuwa bambancin kaɗan ne. Tazarar na 1 da na 6 ta fi ta na 20 da na 35 nesa ba kusa ba.

Sauka ƙasa yana da ƙa'ida. Masu duba 'yan wasa sukan kasa yaran aji-aji, ba jeri ɗaya daga sama zuwa ƙasa ba. In mutum uku ne a ajin farko kuma kana da na 1, sauka zuwa na 3 bai rage ka da komai ba, ƙarin da aka ba ka riba ce. Haka Boston ta yi a 2017, ta ba Philadelphia na 1, Philadelphia ta ɗauki Markelle Fultz, ita Boston ta karɓi na 3 da wani gurbin, ta ɗauki Tatum da take so tun farko. In kuwa saukar za ta fitar da kai daga ajin, ƙarin ba ya cike giɓin. Atlanta ta ba Dallas Luka Dončić, na 3 a 2018, ta karɓi Trae Young na 5 da gurbin 2019 mai kariya zuwa na 5, wanda ya fito na 10 ya zama Cam Reddish. Young gwani ne, amma ba ajinsu ɗaya da Dončić ba, Reddish kuma bai rufe tazarar ba.

Tara gurabe ma yana da iyaka. Kujeru 15 ne a tawaga, da wasu 3 na masu kai-komo tsakanin babbar gasa da ƙarama. Mintocin wasa ba za su isa a raini yara shida a lokaci ɗaya ba, kuma yaron da ba ya shiga fili darajarsa raguwa take yi. Mai gurabe da yawa yakan haɗa biyu ya hau sama, ko ya musanya na bana da na shekara uku masu zuwa, ko ya ɗauki mai wasa a Turai ya bar shi yana wasa a ƙungiyarsa, kamar yadda Jokić ya ƙara shekara ɗaya a Sabiya, Ginóbili kuma bai zo San Antonio ba sai 2002.

Yarjejeniyar 2023 tsakanin gasar da ƙungiyar 'yan wasa ta ƙara wa guraben ƙasa ɗan nauyi. Ta kafa shinge biyu a saman iyakar albashi, na biyun ya kusa dala miliyan 189 a kakar 2024-25. Ƙungiyar da ta haura shi ba ta da ikon haɗa albashin mutum biyu ta musanya da ɗaya, ba ta sa kuɗi a ciniki, kuma ana daskarar da gurbinta na shekara bakwai masu zuwa, ba ta iya cinikinsa. Mai taurari biyu ko uku masu babban albashi ba shi da wata hanyar cike benci sai yara masu araha, don haka gurbi na 25 ya fi amfani a hannunsa fiye da a hannun ƙungiyar da benci ya riga ya cika mata da matasa.